Ni da Ilu da Mai Baƙar Malafa

Disamba, 1977.

Tun wannan watan nake riƙe da wani haushi a ƙirjina, ban taɓa sauke shi ba. An kore ni daga makaranta a kan aikin da ya fi na kowa kyau a ajinmu. Haka nake faɗa tun ina saurayi, haka nake faɗa yau da furfura ta cinye min kai.

Mutum ɗaya ne a duniya yake jin wannan ƙorafin nawa ya tuntsire da dariya, kuma in ƙyale shi.

Yau da safe labarinsa ya iske ni. Ina zaune a ƙofar gida a nan Gumel, ko kunu ban gama sha ba, waya ta yi ƙara. 'Yarsa Rabi ce. Ta ce, "Baba, abokinka ya tafi. Bayan sallar asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Iliyasu na Gagarawa. Ilu. Mun kai shi makwancinsa kafin azahar, yanzu na dawo gida, ƙasar kabarinsa tana nan a takalmina.

Ku da kuke bin shafin nan kun san halina. Ba na yabon kowa. Yau ku yi haƙuri da ni, rubutun zai yi tsawo.

Ilu ya daɗe yana roƙona abu guda. Rabi malama ce, tana koyar da aikin watsa labarai a wata kwaleji. So yake mu je ajinta mu biyu, mu ba ɗalibanta labarin abin da muka aikata a kasuwar Maigatari. Ni kuwa ranar da aka kore ni na rantse da Allah ba zan sake taka harabar wata kwaleji ba. Ko 'ya'yana da suka gama karatu, a bakin get na tsaya na jira su.

Kullum ya tayar da maganar sai in ce, "Ilu, rantsuwa na yi."

Bari in ba ku labarin daga farko.

A Gagarawa Tasha muka fara haɗuwa, muna jiran jirgin ƙasan Kano. Ni da farar riga a goge da littafi a hammata. Shi da akwatin kwano da ƙullin ƙuli-ƙuli, yana ta raba wa mutanen da bai sani ba. Kafin jirgi ya iso ya san sunana, da na ubana, da inda za ni. Ashe kwas ɗaya aka ɗauke mu, aikin jarida da watsa labarai. Sabon abu ne a lokacin.

Ni ne na ɗaya a aji, ba alfahari ba. Burina a ji muryata a rediyo, mahaifiyata ta ji ni daga tsakar gida. Ilu kuwa ɗan tsakiya ne. Yana da hannun zane, yana da dariyar da ake jiyowa daga wani ɗakin kwanan. Shi ya laƙaba min Darakta, wai don komai sai na tsara wa mutane yadda za su yi.

Da hutu ya zo, malaminmu na darasin talla ya ba mu aiki. Kowane mutum biyu su ɗauki fim guda, su tsara yadda za a tallata shi, su gwada a gari na gaske, su dawo da rahoto.

Ni da Ilu muka samu fim ɗin 'yan ta'adda. Na ƙasar waje ne, irin na masu kwat da bindiga a aljihu, ana harbe-harbe a titi ana gudu da motoci. Ubangidansu ba ya cire baƙar malafa daga kansa. Sunansa na Turanci ba ya zama a bakin mutanenmu, sai muka raɗa masa Mai Baƙar Malafa.

A lokacin akwai wani mutum da yake yawo da silima a ƙasarmu. Janareta, farin ƙyalle, da fili da aka kewaye da zana. Yana da wannan fim ɗin a cikin kayansa, amma ya ce ba ya kawo mutane, tunda babu waƙa, babu rawa, babu dawakai. Ya ce in mun iya cika masa fili a Gumel, mu gwada.

'Yan ajinmu duk fosta suka yi. Na ce wa Ilu, mutanen da muke nema yawancinsu ba sa karanta boko, fosta ɓata takarda ce. Bai ji ba. Ya zana wata mai kyau, ya manna ta da koko a bangon tasha. Kafin yamma akuya ta cinye Mai Baƙar Malafa tun daga takalmi har ƙirji.

Ya dawo yana dariya. "Darakta, an samu mai kallo ɗaya, kuma ta ji daɗi."

Sai muka koma ga tawa dabarar. A ƙasarmu labari da baki yake tafiya, kuma babu inda bakuna suke taruwa kamar Maigatari ranar kasuwa. Daga Gumel, daga Gagarawa, daga Sule Tankarkar, daga tsallaken iyaka, kowa yana nan. Na ce mai shela za mu ɗauka.

Malaminmu ya koya mana wata ƙa'ida, kuma na haddace ta: kada ka zubar da komai a tashin farko. Ka ja ran mutane, ka bar su da tambaya, daga baya ka ba su amsa. Saboda haka na rubuta shela biyu. Ta farko da hantsi, don a shiga tambaya. Ta biyu bayan la'asar, ita ce za ta ce silima ce, a Gumel za a nuna, kowa ya zo.

Ta farkon har yau tana bakina:

"Ku saurara, jama'a! Mai Baƙar Malafa yana kan hanya, shi da yaransa. Ba ya sallama, ba ya ciniki. Abin da ya gani nasa ne. Ƙofar da ya buga ba ta sake rufuwa. Ya kusa. Wanda ya isa ya tsaya ya gan shi."

Mai shelar Maigatari wani dattijo ne, Baba Jatau. Muka same shi a gida muka karanta masa. Nan take ya haddace. Ya girgiza kai ya ce, "Samari, wannan baƙon naku ba shi da tarbiyya."

Muka yi masa bayanin inuwa ce a jikin ƙyalle. Ya ce ya gane, ai ya taɓa ganin majigi.

Ga abin da ba mu lissafa da shi ba. Tun Baba Jatau yana saurayi bai taɓa buɗe shela da wata kalma ba sai, "Hakimi ya gaishe ku." Da ita bakinsa yake buɗewa, kamar bisimilla kafin cin tuwo. Kuma abin da yake biyo bayan wannan gaisuwar sananne ne: haraji, allurar shanu, ganin wata, cigiyar dabba. Ba a taɓa jin wasa a bayanta ba.

Ni da Ilu da wannan gaisuwar muka tashi. Tsabar sabo, kunnenmu ya daina jin ta.

Kuma ku tuna zamanin. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, hirar 'yan fashi da makami ita ce a kowace mota da kowace majalisa.

Ranar kasuwa muka tsaya kusa da masu fura, daura da kara, inda ake cinikin shanu. Wai za mu lura da fuskokin mutane don mu rubuta a rahoto. Baba Jatau ya fito da gangarsa, ya buga, kasuwa ta lafa.

"Jama'a, Hakimi ya gaishe ku!"

Ilu ya damƙi hannuna.

Da Baba Jatau ya kai ƙarshen shelar, shiru ya biyo baya. Na ce a raina, ga jan ran nan ya kama. Har na fara murmushi.

Sai na ga wani dillali ya naɗe tabarmarsa a hankali, kamar mai gudun kada a gan shi. Na kusa da shi ma ya naɗe. Wani dattijon Bafulatani ya yi wa 'ya'yansa fito ɗaya, suka juya kan shanu suka nufi arewa. Daga nan ban san wa ya fara gudu ba.

Shanu suka ɓalle kamar ruwan kwari. Masu raƙuma suka tashe su ba tare da sun gama ɗaure kaya ba. Manyan motoci suka tayar da rabin lodi, yaran mota suna bi suna ɗarewa. Na ga mai tsire yana gudu da tirensa a ka, wani yana binsa da albasa. An ce har 'yan kwastan na tsallaken iyaka sai da suka sauke shingensu.

Na ruga na tari Baba Jatau. "Baba, ta biyun! Faɗi ta biyun!"

Ya dube ni, ya dubi rana. "Kai ka ce bayan la'asar. Ko azahar ba a yi ba."

Na roƙe shi, ya buga ganga ya faɗa. Jakuna biyu ne suka saurare shi, sai ungulaye a kan rumfar mahauta.

Akwai wani bawan Allah mai sayar da kanwa, malafarsa ta yi baƙi saboda tsufa da gumi. Samari suka yi masa zobe da sanduna. Yana ta ihu, "Ni ne fa Audu mai kanwa! Jiya ma kun gan ni!" Ya cire malafar ya wurga ta kan rumfa.

Na waiwaya neman Ilu. Yana zaune dirshan a ƙasa, a tsakiyar nonon da ya zube, yana dariya har hawaye. Na ce, "Kai, ba ka da hankali ne?" Da ƙyar ya iya cewa, "Darakta, tallar ta shiga."

Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, ba wanda ya karye. Amma an yi ɓarna. Wani bijimi sai bayan kwanaki aka gano shi wajen Sule Tankarkar.

Dogarai suka tasa ƙeyarmu, mu uku, zuwa zauren Hakimi. Muka zube.

Ya ce, "Wa ya ce a gaishe da jama'a da sunana?"

Baba Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya fara shela ta wata hanya ba. In ban ce ka gaishe su ba, me zan ce?"

Na gyara zama na fara bayani irin na aji, ina kawo ƙa'idojin talla. Ilu ya mintsine ni a cinya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tuba muke. Mutumin nan ba mutum ba ne. Inuwa ce a jikin ƙyalle."

Hakimi ya ce, "Inuwa ce ta kori shanu daga kasuwata?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

Na ga gefen rawaninsa yana motsi. Har yau ina zargin dariya ya danne. Ya yanke hukunci: iyayenmu su daidaita da waɗanda suka yi asara, mu kuma kasuwa mai zuwa mu bi bayan ganga, kowa da baƙar malafa a kansa, mu shiga rumfa-rumfa mu faɗi gaskiya da bakinmu, mu nemi gafara.

Muka yi. Ni kaina a sunkuye, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ilu kuwa kamar ango. Wata mai fura ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne ɗan fashin? Ko kazata ba za ka iya ɗauka ba."

Ya ce, "Inna, ni ɗan aikensa ne. Ki zo Gumel ki ga na gasken."

Haka ya riƙa rufe neman gafararsa a kowace rumfa. Hukunci ya zama talla ta uku.

Ranar da aka fara nunawa, tun kafin magariba fili ya cika. A kan jakuna, a kan kekuna, a ƙasa. Zana ta faɗi saboda turereniya, mai silima ya haƙura ya bar ta a kwance. Kowa so yake ya ga wanda ya tayar da kasuwar Maigatari. Da fuskarsa ta bayyana a ƙyalle, fili ya ɗauka gaba ɗaya, "Ga shi nan!"

Wani dattijon makiyayi ya miƙe da sandarsa ya nuna shi. "Kai ne ka sa na kwana a daji da shanuna? Allah ya isa!"

Mai silima da ya zo da niyyar kwana biyu, sai da fim ɗin ya fara tsinkewa don yawan juyi sannan ya bar Gumel.

To, ku gaya min. Aikin wa ya kai wannan?

Da muka koma makaranta, labari ya riga mu isa. Aka kafa mana kwamiti. Ba wanda ya tambayi yawan mutanen da suka zo kallo. Tambaya ɗaya suka yi: wa ya rubuta kalmomin? Na ce ni. Ilu ya miƙe ya ce tare muka yi. Aka ce ya zauna, ba shi aka tambaya ba. Malamin da ya koya mana jan rai yana zaune a wurin, ya zuba wa taga ido har aka tashi.

Aka ce na zubar da mutuncin makaranta. Aka kore ni. Ilu aka yi masa gargaɗi, aka sa ya maimaita darasin. Waɗanda suka manna fosta a lungunan da ba kowa, duk suka ci.

Ranar da zan taho, sai ga Ilu a tasha da akwatin kwanonsa. Wai shi ma ya bar karatun. Na ce in ya sa ƙafa a jirgin nan, ni da shi har abada. Ya tsaya a dandamali yana kallona har jirgi ya ja. Ranar ce kaɗai na taɓa ganinsa ba ya dariya.

Ya gama karatunsa. Ya zama jami'in wayar da kai, yana zaga ƙauyuka da mota mai lasifika. Ni na zama malamin awon gyaɗa, daga baya mai kula da sito, a nan na yi ritaya. Mahaifiyata ta rasu ba ta ji muryata a rediyo ba.

Ba ni da daɗin zama a waɗannan shekarun. Abokai da yawa sun gaji sun janye. Ilu bai janye ba.

Sai in ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar sito. "Darakta, ba ni kalma." Za a yi allurar shanu, makiyaya sun ƙi fitowa. Ko ƙyanda ta shigo, ana so iyaye mata su kawo yara. In ce masa, "Kai da ke da satifiket, me za ka yi da korarre?" Ya ce, "Satifiket ɗin yana bango, ba ya magana. Ba ni kalma."

In rubuta masa ina mita. Ya karanta, ya ce, "Kai, Allah ya yi maka baiwa, ya haɗa maka da baƙin rai." Ya buga babur ya tafi.

Na ɗauka tausayina yake ji. Sai da wani abokin aikinsa ya gaya min cewa a ofis, duk shelar da aka yaba, Ilu sai ya ce, "Ba tawa ba ce, ta Malam Hamisu ce na Gumel."

Kuma duk shelar da ya fita da ita, da abu ɗaya yake farawa: wa ya aiko shi, kuma maganar gaske ce. Ya ce wannan a Maigatari ya koya, ba a aji ba.

Da matata Hajara ta kwanta ciwon ajali, shi ya nemo mota ya kai mu Kano. Ya zauna a barandar asibiti yana ba masu jinya labarin akuyar da ta ci fosta. Hajara tana jiyo shi daga gado, tana murmushi.

Bayan ta rasu, duk Juma'a sai ya zo. Ya kawo rake, ya zauna, ya fere, ya miƙo min. Wani lokacin har ya tashi ba mu ce komai ba.

Ni ban taɓa ce masa na gode ba. Ba irin maganar da muke yi ba ce. In na ga ya daɗe sai in ce, "Ba ka da gida ne?" Ya ce, "Ina da shi, amma babu mai zagina a can."

Makon jiya ya kira ni. "Darakta, zo ka ga wani abu." Na shiga motar Gagarawa na je.

Na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, amma bakin yana nan. Rabi ta zo hutu, ta fito ta gaishe ni, ta miƙo min wayarta.

Ashe aikin nan namu shi take ba ɗalibanta. Su ƙirƙiri fim ɗin 'yan ta'adda, su tsara tallarsa. Na ga gajerun bidiyo, na ji muryoyi, na ga fosta. Na shirya in kushe, kun san ni. Amma wallahi wasu sun yi kyau. Akwai wata da ta fara tata tallar da ƙarar takalmi kawai a cikin duhu, ba fuska, ba magana. Na ce a sake kunna min.

Rabi ta ce, "Baba, kowace shekara kafin su fara, sai na ba su labarin Maigatari. Na karanta musu shelarka. Aji ya rabu biyu. Wasu su ce ba a taɓa talla irinta ba. Wasu su ce ganganci ne, da an tattake wani fa? Har a tashi ba sa gama musu."

Na ce, "Su wa suka fi yawa?"

Ilu ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. "Ka ji shi! Har yanzu maki yake nema!"

Rabi ta ce, "Kuma kullum sai sun tambaye ni, shi wanda ya rubuta yana raye?"

Ilu ya ce, "Ki ce musu yana raye, yana nan yana zagin mutane a waya."

Sannan ya sa hannu a bayan kujera ya jawo wata malafa. Ba ta wancan lokacin ba ce, waccan gara ta cinye ta tuni. Sabuwa ya saya a kasuwa, ya shafe ta da baƙin fenti, har tana wari.

Ya ce, "Ni zan zama Baba Jatau, in buga tebur. Kai ka zama kai."

Na ce, "Ilu, rantsuwa na yi."

Ya ce, "Na sani. Malamai sun ce in ka rantse, ka ga abin da ya fi alheri, ka yi shi ka yi kaffara. Miskinai goma ne. Ni zan ba da shinkafar, a gidana za a dafa. Kai dai ka kawo bakinka."



Ya ce, "Darakta, aji ya kore ka, yanzu aji yana kiranka. Me kuma kake jira, kwamiti?"

Na ce zan duba.

Ya ce, "Duba da wuri. Janaretana ya fara tari."

Na ce masa shi da ya fi kowa taurin rai, sai ya binne mu duka. Ya rako ni da ido har na shiga mota, malafar tana kan gwiwarsa.

Kalmar da na bar shi da ita ke nan. Zan duba.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta, muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, wani tsoho daga Maigatari ya zo ya yi addu'a. Ya ƙura min ido. Ya matso ya ce a hankali, "Malam, ba kai ne ɗayan ba? Ba ya sallama, ba ya ciniki?"

Na ce ni ne.

Ya ce ranar yana matashi, da buhun gero a ka ya yi gudu, bai san ma ba nasa ba ne sai da ya isa gida. Dattawan da ke kan tabarma suka sunkuyar da kai, kafaɗu suna rawa. A zaman makoki. Na ce a raina, Ilu, ko a nan ma ba ka bari ba.

Kafin in taho na shiga ciki na yi wa iyali gaisuwa. Rabi ta fito da malafar a leda. Ta ce, "Baba, ya ce in ba ka, ko ka je ko ba ka je ba."

Na karɓa. Na ce mata, "In kin koma makaranta, ki sa rana."

Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Na ce, "Ki sa rana, Rabi. Zan zo."

Zan je. Zan gaya musu har gobe ina kan bakana, aikinmu ya fi na kowa a ajin nan. Waɗanda suke cewa ganganci ne, su tashi su gaya min a fuskata, ina so in ji su. Yaran da za su zauna suna musu a kan ko talla ta halatta ta tsorata mutane, waɗannan ba su lalace ba, duk da abin da nake rubutawa a kansu a shafin nan. Zan gaya musu kafin su saki kalma su duba ta bakin wa za ta fita, da abin da mutane suka saba ji daga wannan bakin. Zan gaya musu wanda ya fara gane haka, da yadda ya yi aiki da shi a ƙauyukan ƙasar nan har ƙarfinsa ya ƙare.

Shi ya ce zai ba da shinkafar kaffara. Gobe a gidana za a dafa ta.

Ya Allah, ga bawanka Iliyasu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya yi haƙuri da mai wuyar hali shekara da shekaru bai gaji ba, ka saka masa da abin da ya fi haka. Ka ba iyalinsa juriya. Ka jiƙan Baba Jatau, da Hakimin da ya danne dariyarsa, da Hajara, da iyayenmu baki ɗaya. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Kai da ka karanta har nan, kada ka tsaya latsa min alamar hannu. Ɗaga naka hannun ka roƙa wa Ilu gafara, ka ambaci sunansa a sujadarka ta yau.

A 1977 satifiket na rasa, na cika duniya da ƙorafi.

Yau da asuba na rasa Ilu.